Ranar da Injiniya Ya Canja wa Motar Yaya Birki

Babu makarantar da ta ba shi sunan Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa, ranar da ya canja ƙwan fitilar banɗaki bai faɗo daga kan kujera ba. Tun daga nan duk wanda ya kira shi da sunan yanka sai ya yi kamar da bango ake, har mutanen layi suka gaji suka bi shi a haka. Matarsa, wadda kowa ke ce wa Malama saboda tana koyarwa a firamare, ita ma Injiniyan take kiransa, sai dai tana jan ƙarshen sunan yadda kowa zai gane abin da take nufi, ban da shi.

Wata goma sha ɗaya ya yi a gida tun da aka rufe shagon da yake tsaro. A cikinsu ya gyara fanka ta daina juyi. Ya gyara famfo ya koma zuba ta gefe. Ya buɗe rediyo ya mayar, sukurori bakwai suka rage masa a hannu, ya ce dama don ƙawa kamfani ya saka su.

Malama ce ta cire kunya ta je wurin yayanta. Yaya yana da motocin kai kaya guda shida, yana neman wanda zai riƙa kula da lafiyarsu, ya san wadda za ta fita da wadda za a kai gareji. Sau uku tana zuwa. A na ukun ya ajiye biro ya dube ta.

"Ke dai kin matsa. To, ga ƙaramar motata nan, birkinta na kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa. Gobe da safe zan ajiye ta a ƙofarku, da sabbin fad a but ɗin bayanta. Ya cire tsofaffi ya saka sabbi. Da la'asar zan zo. In na taka birki ban ji ƙara ba, aikin nasa ne."

Fad ɗin nan 'yan ƙarafa ne kamar tafin hannu, biyu-biyu a kowace tayar gaba, su ke matse farantin da ke juyi da taya idan an taka birki. Wani malami abokin aikinta ya ce mata bakanike ba ya wuce awa ɗaya a kansu. Saboda haka ta lallaɓa mijin nata.

"Injiniya, ka gangara da ita wurin bakaniken bakin titi. Ka tsaya kusa da shi ka ga yadda ake yi."

Ya dafe ƙirji. "Bakanike? Ni? Malama, su fa da ka suke aiki. Ni a kimiyyance nake yi."

Ya ɗauko waya ya samo bidiyon wani mutum yana canja fad. Minti goma sha biyu ne. A minti uku ya gama da shi, yana tsallakewa da yatsa, ya ce mutumin surutu ya yi masa yawa.

Gari na wayewa ya fito cikin shuɗiyar rigar aiki mai haɗe da wando, ninkin kanti ko sakinta bai yi ba. Ya shimfiɗa sabon zanen teburin Malama a ƙofar gida, ya jera sifana da filaya da guduma da gwangwanin giris kamar mai shirin yi wa mutum tiyata. Gidansu a saman layi yake. Daga nan hanya ta gangara a hankali har bangon da ya toshe ƙarshenta, inda Mai Wanki ke ɗaura igiyoyin shanya da ajiye duro-duron ruwansa.

Kafin ya taɓa komai 'yan kallo sun hallara. Baba Direba, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙa babbar mota kafin gwiwa ta zaunar da shi, ya jawo bencinsa inuwa. Inna ta bene ta buɗe taga ta ɗora haɓa a kan hannu. Malama ta tsaya a bakin ƙofa da bahon ruwan wanke hannu, tana addu'a a ciki.

Injiniya ya saka jak ya ɗaga mota. Ya ɗora sifana a noti ya murɗa. Taya ta juya. Ya sake murɗawa, ta sake juyawa, ta tafi da sifanar ta dawo masa da ita.

Baba Direba ba ya magana sai ya yi gyaran murya. "Ehem. Ɗana, tun taya na ƙasa ake sassauta noti."

"Baba, wannan tsarin da ne. Ni juyin tayar nake aunawa tukuna."

"To ta juyu?"

"Ta juyu."

"Ikon Allah!" in ji Inna daga sama. "Ashe taya na juyawa. Yau mun ƙaru."

Ya sauke motar, yana gaya wa iska cewa awo ya kammala. Ya kama noti ya danna da hannu, bai motsa ba. Ya taka da ƙafa ɗaya. Ya hau da biyu, ya riƙe rufin mota, ya shiga tsalle a kan sifana kamar mai kirɓa ƙasar gini.

"Ehem. Ɗaurewa kake yi. Hagu ake kwancewa."

"Hagun wa?"

"Hagun duniya, ɗana. Guda ɗaya ne."

Ya juya sifanar ya sake hawa, da fushi wannan karon. Tsalle ɗaya, noti ya ce ƙwas, ya saki. Injiniya ya tafi da baya ya zauna daram cikin bahon da Malama ta ajiye. Ruwa ya yi sama. Ya miƙe, bayan sabuwar riga na ɗiga, ya ce dama zafi ya ishe shi.

Da ƙyar noti biyar suka fita. Ya ɗaga mota, ya zare taya, ya tsayar da ita a gefe ya juya neman filaya. Tayar da aka riga aka tabbatar tana juyawa ba ta tsaya jiran kowa ba. Ta kama gangara, ta wuce benci, ta wuce ƙofa huɗu tana ƙara sauri, ta je ta daki bokitin sitacin Mai Wanki. Can sai ga shi ya hauro yana gara ta, ƙafafunsa fari fat har gwiwa.

"Injiniya, in za ka aiko saƙo ka riƙa yin sallama!"

"Wa ya ce ka ajiye bokiti a hanya?"

"Shekara tara yana nan, ba tayar da ta taɓa kawo masa ziyara sai taka."

Mai Wanki bai koma ba. Ya ce aikinsa ya riga ya ɓaci, gara ya tsaya ya ga ƙarshen na wani.

Tsofaffin fad suka fito da taimakon guduma da zagi. Kafin ya saka sabbin, Injiniya ya buɗe bonet ya cika robar man birki har baki, ya ce wannan kyauta ce, ba ta cikin sharaɗi. Sannan ya ɗauko sabon fad ya tura gurbinsa. Bai shiga ba. Ya juya shi, ya kifa shi, ya hura masa iska. Bai shiga ba. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Kun ga matsalar kamfanonin yanzu? Sun yi shi da kauri."

Ya durƙusa a dakalin ƙofa ya fara goga sabon fad a siminti, ƙurrr, ƙurrr, kamar mai wasa wuƙa. Malama ta ji ƙarar har cikin haƙoranta.

Baba Direba ya taso da kansa, abin da ba ya yi sai za shi masallaci. "Ehem! Tsaya, kada ka cinye wa bawan Allah kaya. Duba nan. Ka ga wannan ƙarfen mai kamar kofi? Shi ke tura fad. Da tsohon ya cinye sai ya biyo shi waje. Mayar da shi ciki za ka yi, wuri ya samu."

"Abin da zan yi ke nan, Baba, riga ni faɗa ka yi. Malama, kawo muciya!"

Ta kawo. Ya soka ya banƙara, muciya ta karye gida biyu. Ya miƙa mata guntayen ba tare da ya dube ta ba, ya ce itacen yanzu ba shi da imani. Da ƙotar guduma ƙarfen ya koma ciki. Yana komawa, man da ya cika har baki ya rasa wurin zuwa, ya tumbatsa, ya biyo jikin inji ya fara ɗiga ƙasa.

"Wayyo!" in ji Inna. "Ka tsorata ta har ta saki fitsari."

"Tsohon mai take fitarwa, Inna. A kimiyyance."

"Wanda ka zuba ɗazu ne ya tsufa?" in ji Mai Wanki. "Lallai zama da kai na tsufar da abu."

Azahar ta wuce kafin taya ɗaya ta koma. Ta biyun ta fi sauri, domin Baba Direba na faɗa, Injiniya na maimaitawa da ƙarfi kamar shi ya fara tunowa. Da aka gama Baba ya karkaɗe hannu.

"Ehem. Zan je in ɗan miƙe. Kafin ka motsa ta, ka tattaka birki sau da yawa har ka ji ya yi tauri. Kada ka manta."

"Baba, je ka huta. Ka yi ƙoƙari, ka koyi abubuwa yau."

Rana ta kori kowa. Inna ta ja labule, Mai Wanki ya gangara. Malama ta shiga kicin, a karon farko tun safe ta ji zuciyarta ta ɗan sauka. Ko ta yaya, fad sun shiga. Har ta fara hango shi yana fita da safe, kujerar falo tana hutawa.

Da ta fito da kofin ruwa, sai ta tarar ya sake cire tayar hagu. Injiniya na zaune a kan zanen tebur, fad a hannu ɗaya, cokalinta a ɗaya, yana ɗebo giris yana shafe fuskar fad ɗin lumui kamar mai shafa wa burodi bota. Farantin ma ya sha nasa, sai ƙyalli yake.

"Me kake yi haka?"

"Na juya tayar na ji wani ɗan shhh. Yaya cewa ya yi ba ya son ƙara. Na gama da ta dama, saura wannan."

"Abin da aikinsa kamawa ne kake shafa wa santsi?"

Ya yi murmushin tausayi. "Malama, ƙofa in tana kuka, me ake sa mata?"

"Mai."

"Keken ɗinki fa?"

"Mai. Amma..."

"To shi birki ɗan wane ne da ba za a sa masa ba?"

"Ƙofa ba ta tsayar da mota, Injiniya."

"Ki tsaya a kan alli da allo. In na zo ajinki na gyara miki ƙari da ragi, sai ki rama."

Ta koma ciki ta zauna a bakin gado, kofin na hannunta. Ba ta san mota ba, amma ta san abin da ke faruwa idan mai ya zuba a daɓen kicin. Daga nan Yaya babban titi zai hau, ya biya ya ɗauko 'ya'yansa daga makaranta. In ta yi shiru, ga abin da ke gaba. In ta buɗe baki, ta zama matar da ta tona asirin mijinta a bainar jama'a, ta kashe aikin da ita da kanta ta roƙo sau uku. Ta leƙa ta taga. Yana ɗaure noti yana fito da baki, yana gyara kwalar riga a madubin mota.

Ana idar da la'asar Yaya ya iso, ɗaya daga cikin direbobinsa ya sauke shi. Layi ya sake cika. Har waɗanda ba su ga na safe ba sun samu labari sun fito da kujeru.

Injiniya ya tarbe shi da jawabi. "Yaya, ka gode wa Allah da motar nan ta faɗo hannuna. Abin da na tarar a ciki ba ya faɗuwa. Duk wanda ya taɓa ta a baya, a ɗaure ya kamata a kawo shi. Amma yanzu? Ko a kunnen jariri ka taka birki ba zai farka ba."

Yaya ya kalli tabon mai a ƙasa, ya kalli guntayen muciya. Ya miƙa hannu. "Kawo makulli."

Malama ta tsinci kanta a tsakaninsu. "Haba Yaya! Kai za ka gwada? Ai ka rage masa daraja. Bari Injiniya ya nuna maka da kansa, nan da ƙarshen layi, ka tsaya ka kalla." Ta matsa kusa da mijin ta rage murya. "A hankali. Giya ta ɗaya. Kamar mai bin gawa."

Kalmar daraja kawai ya ji. Ya ɗaga murya har ƙasan layi.

"Mai Wanki! Ajiye bahonka a tsakiyar hanya. Taku ɗaya kafin shi zan tsaya!"

"Ajiye naka!" in ji Mai Wanki.

Baba Direba na tahowa yana ɗingishi. "Ehem, ka tattaka birkin?"

"Birkina ba ya buƙatar lallashi, Baba."

Ya shiga, ya tayar, ya ba ta wuta sau uku don 'yan kallo. Ya fito da gwiwar hannu ta taga, ya ɗaga wa Inna yatsu biyu. Giya ta ɗaya, giya ta biyu. Malama ta rufe ido ɗaya.

A daidai ƙofa ta huɗu fitilun birki suka kama. Motar ba ta san an yi ba. Aka ga kan Injiniya na sama da ƙasa yana kirɓa birki, gwiwar hannun nan ta shige ciki da sauri. Da birkin ya tashi kamawa, sai ya kama giris. Motar ta ci gaba da sulalewa cikin natsuwa.

"Birkin hannu!" Baba Direba ya ƙwalla, ko gyaran murya bai yi ba. "Ja na hannu!"

Waifa ta fara share gilashi. Ruwa ya feso. Hon ya yi kuka. Sannan Injiniya ya laluba ya samu wani abu mai jawuwa, ya ja da iyakar ƙarfinsa. Maballin kwantar da kujera ne. Kansa ya ɓace daga taga gaba ɗaya.

"La ilaha illallahu!" in ji Inna. "Direban ma ya sauka!"

Mai Wanki ya yar da dutsen guga ya haye katangar maƙwabta da saurin da bai san yana da shi ba. Mota ta ratsa igiya ta farko, ta yafa zanen gado. Ta ratsa ta biyu, ta ɗauki wanduna uku da labule. Ta ukun ta naɗe ta da farin kaya har ba a ganin kalarta. Duro na farko ya fashe, na biyu ya tashi sama, na ukun ya shiga tsakaninta da bango ya lotse kamar gwangwanin madara. Fitilar gaba ta zube, tass. Ruwa ya malale layi. Waifa kaɗai ta ci gaba da aiki, tana kaɗa singiletin wani dama da hagu.

Malama ba ta san sanda ta yar da takalmi ba. Ita ta fara isa, ta yaye zanen gado, ta fizgi ƙofa. Yana kwance rigingine, hannu biyu a ƙirji, idanu a rufin mota.

"Injiniya! Kana ji na?"

"Kin lura," ya ce a hankali, "da yadda na zaɓi duro ban zaɓi bango ba?"

Ta saki ƙofar. Tausayin da ya taso mata ya koma inda ya fito.

Jama'a suka iso. Mai Wanki ya diro daga katanga yana ɗaga kayan mutane ɗaya-ɗaya daga cikin taɓo, yana ambaton mai kowanne. Baba Direba ya durƙusa da gwiwar da ba ta durƙuso, ya zura yatsa ta tsakanin ƙarfen taya, ya fito da shi baƙi ƙirin. Ya shinshina. Ya ɗaga yatsan sama ya juya da shi kowa ya gani.

"Giris. Shekara talatin ina kan titi. Na ga wanda ya zuba ruwa a tanki, na ga wanda ya ɗaure taya da igiya. Ban taɓa ganin wanda ya shafa wa birki giris ba."

"Da cokali," in ji Malama, tun da ba sauran abin rufewa.

Dariya ta fara daga bene ta gangaro har bango. Yaya bai yi ba. Ya dubi ƙanwarsa.

"Kin sani?"

"Shi ya sa ban bari ka shiga ba."

"Shi kuma kika bari?"

"Shi ai aikinsa ne, Yaya."

Injiniya ya fito yana cire safar wani daga kafaɗa. Ya zagaya motar, hannu a baya, yana girgiza kai kamar wanda aka kira duba ɓarnar wani.

"Gaggawa aka yi," ya ce. "A kimiyyance, giris na buƙatar kwana ɗaya ya shiga jiki. Ga kuma gangaren nan, tun tuni nake cewa ba a yi shi daidai ba. Amma ba komai, na gano inda matsalar take. Yaya, su motocin nan shida, gobe za a kawo mini su nan, ko ni zan je can?"

Yaya ya zaro waya. Ya danna, ya yi magana yadda har Inna za ta ji.

"Maigadi? Ka san mijin ƙanwata? Yauwa. In ka hango shi ya nufo, ko gaisuwa ya ce ya zo yi, ka rufe ƙofa ka saka kwaɗo. Kada ya kusanci ko baro."

Ya kashe wayar ya tafi neman bakanike.

Injiniya ya matso kusa da Malama, ya taɓa ta da gwiwar hannu, fuskarsa cike da annuri.

"Kin ji? Tun ban fara aiki ba har an sanar da maigadi."